VPN ya haɗu lafiya, amma an kasa isa ga sabar ofis

Ɗan Kawo: Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ina neman shawararku a kan wata matsala da nake fama da ita tun ranar Litinin. Ni ne mai kula da kwamfutocin wani ƙaramin kamfani a kan titin Ahmadu Bello, kuma huɗu daga cikin ma'aikatanmu aiki yakan kai su Zariya da Kafanchan, inda suke bukatar buɗe takardun da ke cikin sabar ofis, wato babbar kwamfutar da ke ajiye su. Mun sa sabuwar katangar tsaro, wato fayawol, a makon da ya wuce, na kuma kafa VPN irin na IKEv2 a kanta, wato bututun sirri da ma'aikaci zai bi ta intanet ya shigo kwamfutocin ofis daga waje. Adireshin cikin ofis yana cikin zangon 192.168.1.0/24, katangar tana kan 192.168.1.1, sabar takardu tana kan 192.168.1.10, masu shigowa daga waje kuwa na ware musu 10.20.30.0/24. Idan ma'aikaci ya danna, VPN yakan haɗu nan take, ya ba shi adireshi, amma da zarar ya nemi buɗe sabar sai kwamfutar ta yi ta juyi har ta gaji. Na kashe katangar na kunna fiye da sau biyar, ban ga sauyi ba.

Matashin Rigasa: Wa alaikumus salam, Yaya. Ni a ganina katangar ce take tarewa. Ka rubuta doka guda ɗaya a saman jerin dokokinka wadda za ta bar komai ya wuce daga ko'ina zuwa ko'ina, idan ya yi aiki ka huta. Sannan ka duba ko kamfanin da ke ba ku intanet ya ba ku adireshin jama'a na gaskiya, domin da yawa suna ɓoye masu amfani a bayan adireshi ɗaya.

Injiniyan Barnawa: Ƙanena na Rigasa, ka kawo magana biyu, ɗaya tana da amfani a wani wuri, ɗayar kuwa ina roƙon kada a bi ta. Batun adireshin jama'a gaskiya ne: tun 2012 aka ware zangon 100.64.0.0/10 domin kamfanonin sadarwa su riƙa tara masu amfani da yawa a bayan adireshi guda, kuma duk ofishin da ya ga ɓangaren waje na katangarsa yana ɗauke da lamba tsakanin 100.64 da 100.127, to babu wanda zai iya ƙwanƙwasa masa ƙofa daga waje. Amma wannan ba ciwon ɗan uwanmu ba ne, tun da ya ce VPN yana haɗuwa har yana raba adireshi. Haɗuwar nan shaida ce cewa saƙon ya iso katangar ta ƙofar UDP 500 da 4500, an tantance mutum, an kuma amince da makullan ɓoye bayani. Matsalar tana bayan wannan matakin. Dokar barin komai ya wuce kuwa, na sha ganin an sa ta da niyyar gwajin minti goma, a dawo bayan shekara biyu a tarar da ita tana nan daram. Idan har za a yi gwaji, a taƙaita shi daga 10.20.30.0/24 zuwa 192.168.1.10 kaɗai.

Malam Ɗan Kawo, ka amsa mini abu uku. Daga kwamfutar da ta shigo ta VPN, shin ping, wato ɗan saƙon gwajin da ake aikawa a ga ko na'ura za ta amsa, yana isa 192.168.1.1? Shin yana isa wata na'ura dabam a cikin ofis, kamar firinta? Kuma da adireshi suke kiran sabar ko da suna?

Ɗan Kawo: Na gode, Injiniya. Na sa abokin aikinmu da ke Zariya ya gwada yanzu. Ping yana isa 192.168.1.1 ba tare da ɓata ko ɗaya ba. Firintar da ke kan 192.168.1.50 ma tana amsawa, abin da ya ba ni mamaki, domin ban taɓa tunanin gwada ta ba. Sabar ce kaɗai ta yi shiru, ko da adireshi aka kira ta ko da suna.

Malamin Tudun Wada: Kafin a ci gaba, ina so in jefa wata tambaya, ko da za ta ɗan kauce. Me ya sa ka zaɓi IKEv2 tun farko? Ni ɗalibaina WireGuard nake koya musu yanzu, wani nau'in VPN ne dabam. Tun da aka shigar da shi cikin zuciyar Linux a fitowa ta 5.6 a 2020, ya zama abin da yaro zai kafa cikin rabin awa, ƙofa ɗaya ta UDP yake bukata, yawanci 51820, kuma saitinsa bai wuce layuka kaɗan ba. IPsec kuwa, tsarin da IKEv2 yake cikinsa, yana da matakai biyu na yarjejeniya, ga jerin hanyoyin ɓoye bayani da dole ɓangarorin biyu su dace a kansu, ga kuma ESP, ƙunshin da ke ɗauke da ɓoyayyen bayanin, wanda ba shi da lambar ƙofa, shi ya sa sai da aka ƙirƙiro hanyar naɗe shi cikin UDP 4500 kafin ya iya ratsa na'urorin da ke sauya adireshi. Da za ka koma WireGuard, ina jin rabin wahalar nan za ta tafi.

Hajiyar Malali: Malam, da girmamawa, ban yarda ba. Ni ma ina son WireGuard, a kansa nake haɗa rassan ofishinmu biyu, amma a nan ko an sauya bututun, ruwan ba zai isa ba, domin ba a cikin bututun toshewar take ba. Firinta tana amsawa, ke nan bututun yana kai kaya har cikin ofis yana kuma dawo da amsa. Idan aka rushe IKEv2 aka kafa wani, za a ɓata kwana biyu ana sa sabuwar manhaja a kwamfutocin mutane, a ƙarshe a tarar da sabar tana nan shiru kamar yadda take. Kuma IKEv2 yana da fa'idar da bai kamata a raina ba ga ofis irin wannan: yana cikin Windows da wayoyin Apple tun daga kamfani, ba sai an girka komai ba.

Malam Ɗan Kawo, ka daina kallon alamar da ke cewa an haɗu, ka bi fakitin, wato ƙunshin saƙon da ke tafiya a kan layi, da ƙafa. Kusan kowace katangar tsaro tana da wurin kama fakiti. Ka kama a ɓangaren cikin ofis, ka tace da 192.168.1.10, ka sa mutumin Zariya ya ci gaba da aika ping, sannan ka gaya mana abin da ka gani: shin tambayar tana fita zuwa sabar, da wane adireshi take fita, kuma shin amsa tana dawowa?

Ɗan Kawo: Hajiya, na yi yadda kika ce. Ina ganin tambayar tana fita daga katangar zuwa 192.168.1.10 sau ɗaya kowace daƙiƙa, kuma adireshin mai aikawa 10.20.30.5 ne, bai sauya ba. Amsa kuwa babu ko ɗaya.

Injiniyan Barnawa: To, alhamdu lillahi, wannan kamun ya wanke katangar daga zargi biyu a lokaci guda. Dokokinta ba su tare fakitin ba, tun da ya fita. Kuma ba ta sauya masa adireshi ba, wanda shi ne kuskuren da aka fi yi a irin wannan aiki, inda dokar da ke sauya adireshin duk mai fita intanet take haɗawa har da amsoshin da ya kamata su koma cikin VPN, sai su fice ta ƙofar waje su ɓace. Yanzu saura abu biyu, kuma duka a jikin sabar suke. Ko dai ta karɓi tambayar ta ƙi amsawa saboda katangar da ke cikinta, ko kuwa ta amsa amma amsar ta bi wata hanya dabam.

Bari in yi bayanin na biyun da ɗan tsawo, saboda ƙannenmu da ke karantawa. Idan kwamfuta za ta aika saƙo, takan duba ko wanda za ta aika wa yana cikin zangonta. Idan yana ciki, kai tsaye take miƙa masa. Idan ba ya ciki, sai ta miƙa wa mashigar da aka rubuta mata, wato na'urar da ke fitar da saƙo zuwa wajen zangon, ita kuma ta san yadda za ta yi da shi. A wurin sabar nan, 10.20.30.5 baƙo ne, ba ɗan unguwa ba, don haka amsarsa mashiga za a kai. Firinta tana samun saitinta ne kai tsaye daga sabuwar katangar, shi ya sa ta san hanya. Sabar kuwa, bisa al'ada da hannu ake rubuta mata adireshi, kuma abin da aka rubuta da hannu ba ya sauyawa don an sayo sabuwar na'ura. Ka ce katangar sabuwa ce. Me ke wurin kafin ta zo? Ka je gaban sabar ka buga ipconfig, ka karanta mana layin mashiga.

Ɗan Kawo: Injiniya, Allah ya ƙara basira. Mashigar da ke rubuce a sabar 192.168.1.254 ce, wato tsohuwar rautar da muke amfani da ita kafin katangar ta zo. Ban cire ta ba, na bar ta a kunne a matsayin layin ko-ta-kwana idan babban layin ya yanke, shi ya sa sabar ta ci gaba da samun intanet, ni kuma ban lura da komai ba. A cikin ofis kowa yana buɗe takardu lafiya domin duk zango ɗaya suke. Laifina ne, ba na kowa ba. Na mayar da mashigar 192.168.1.1, ping ya fara amsawa nan take. Sai dai har yanzu babban fayil ɗin da aka raba bai buɗe ba.

Hajiyar Malali: Wannan kuma shi ne abu na farko da Injiniya ya ambata. Raba takardu a Windows yana bi ta ƙofar TCP 445, kuma sau da yawa dokar da ke buɗe wannan ƙofa a cikin katangar Windows tana taƙaita ne ga 'yan zango ɗaya da sabar. Ka buɗe dokar, ka shiga wurin da ake iyakance adireshin masu shigowa, ka ƙara 10.20.30.0/24. Kada ka kashe katangar Windows gaba ɗaya, ko da wani ya ce maka hakan ya fi sauri.

Ɗan Kawo: Na ƙara, ya buɗe. Mutumin Zariya yana cikin takardunsa yanzu haka. Amma da na sanar da sauran, sai akantarmu, wadda take aiki daga gida a Unguwar Rimi saboda jego, ta ce ita har yanzu babu abin da ya sauya. VPN yana haɗuwa, amma ko firintar ba ta samu. Sunanta da kalmar sirrinta daidai suke, domin na gwada su a wayata sun yi aiki.

Matashin Rigasa: Wataƙila kwamfutarta ce ta kamu da cuta, ko kuma a goge VPN ɗin a sake sawa.

Hajiyar Malali: A'a, ƙanena, kafin a goge komai a tambaye ta adireshin da rautar gidanta ta ba ta. Ina kyautata zaton zai fara da 192.168.1. Mutumin Zariya kuma ina jin da ƙaramar na'urar MiFi yake shiga, irin waɗanda da yawansu suke zuwa da 192.168.8.1 ko 192.168.0.1, shi ya sa bai yi karo da ofis ba.

Ɗan Kawo: Haka ne, Hajiya. Nata 192.168.1.7 ne, na mutumin Zariya kuma 192.168.8.100.

Hajiyar Malali: To ga ciwon nan. Gidanta da ofishinku suna amfani da lambobi iri ɗaya. Idan ta nemi 192.168.1.10, kwamfutarta tana ɗauka cewa wata na'ura ce a cikin falonta, sai ta yi ta kira a cikin gida, fakitin ko bakin bututun VPN ba ya zuwa. Kamar a ce ka aika yaro Tudun Wada ne ba ka ce ta Kaduna ko ta Zariya ba, shi kuma ya nufi wadda ta fi kusa da shi. Tun 1996 aka tsayar da zango uku na adireshin cikin gida, wato 10.0.0.0/8 da 172.16.0.0/12 da 192.168.0.0/16, kuma a cikinsu akwai miliyoyin lambobi, amma masu ƙera rautocin gida kusan duk sun taru a kan 192.168.0 da 192.168.1. Duk ofishin da ya zauna a kan ɗayan biyun nan, ranar da ya kafa VPN zai yi karo da gidajen ma'aikatansa.

Maganin gaggawa iri biyu ne. Ko a sauya zangon rautar gidanta zuwa wani abu kamar 192.168.77.0, ko kuma a tura wa kwamfutarta hanya ta musamman zuwa 192.168.1.10/32, wato adireshin sabar kaɗai, ta cikin VPN, domin a jadawalin hanyoyi wadda ta fi ƙayyadewa ita ce take rinjaye. Maganin dindindin kuwa shi ne ofis ya tashi daga 192.168.1.0 gaba ɗaya.

Malamin Tudun Wada: A nan kam na sallama, Hajiya, domin WireGuard ma da ya ci karo da wannan. Amma sauya lambobin ofis gaba ɗaya ba ƙaramin aiki ba ne. Akwai firintoci, akwai kyamarorin tsaro, akwai na'urar ɗaukar zanen yatsa, akwai manhajar lissafi da wataƙila aka rubuta mata adireshin sabar a ciki shekaru da suka wuce, wanda ya rubuta kuma ya bar aiki. Saboda mutum ɗaya za a tayar da wannan ƙura? Ni da zan ba da shawara, a gyara rautar gidanta a wuce wurin.

Injiniyan Barnawa: Malam, yau mutum ɗaya ne, amma gobe ma'aikaci zai sauka a otal a Kafanchan ko Abuja, ya tarar da intanet ɗin otal ɗin a kan 192.168.1.0, kuma babu mai ba shi izinin taɓa rautarsu. Ofis mai mutum ƙasa da ashirin ana iya sauya shi a yini ɗaya na Asabar, idan an zauna tun ranar Alhamis an rubuta duk na'urar da aka sa wa adireshi da hannu. Abin da ya faru da mashigar sabar ma ya nuna cewa ana bukatar wannan jerin ko da ba za a sauya komai ba. Na fi son a zaɓi lamba daga cikin zangon 10 wadda ba kowa zai yi tunaninta ba, misali 10.47.12.0/24, a kuma fara kiran sabar da suna ta hanyar DNS na cikin ofis, wato tsarin da ke mayar da suna zuwa adireshi, a tura wa masu VPN adireshin wannan DNS ɗin, yadda nan gaba ko lamba ta sauya, babu wanda zai sani.

Matashin Rigasa: Yallabai, ina da tambaya, a yi mini afuwa idan ta yi wauta. Tun da duk wahalar nan saboda a isa kwamfuta ɗaya ce, me zai hana a buɗe ƙofar 3389 a kan katangar, kowa ya shiga sabar kai tsaye da RDP, hanyar sarrafa kwamfutar Windows daga nesa, a manta da VPN?

Injiniyan Barnawa: Ba wauta ba ce, mutane da yawa suna yin hakan, shi ya sa ya kamata a amsa. Duk ƙofar da ka buɗe a kan adireshin jama'a, akwai kwamfutoci a faɗin duniya da ba su da aiki sai laluben irinta dare da rana, kuma 3389 tana cikin waɗanda suka fi nema, domin ta nan masu kulle bayanan mutane su nemi kuɗin fansa suke yawan shiga. Ƙofar 445 ta fi ta haɗari: ta nan cutar WannaCry ta bazu a watan Mayun 2017. Haka kuma kada wanda ya ce zai sauƙaƙa wa kansa da PPTP, tsohon nau'in VPN, don ya ga yana da sauƙin kafawa. An daɗe da karya tsaronsa, har Apple ya cire shi daga na'urorinsa a 2016.

Ɗan Kawo: Na tura wa akantar hanyar /32 ɗin, ta shiga. Sai dai ga wani sabon abu, kuma ina jin kunyar yawan dawowa. Jerin takardu yana buɗewa, ƙananan takardu ma suna buɗewa, amma idan aka jawo babban fayil na Excel sai ya fara, ya tsaya cak a tsakiya. Duka su biyun haka suke gani.

Hajiyar Malali: Babu kunya a ciki, Malam, haka aikin yake, sai an cire ƙaya ɗaya ake jin ta biyu. Wannan alamar girman fakiti ce. Layin ofis yana ɗaukar fakiti har bayit 1500, amma idan IPsec ya naɗe shi ya ƙara masa nasa kanun, ya kuma sa shi cikin UDP, sai ya fi ƙarfin hanyar. Ƙananan saƙonni suna wucewa, manya suna maƙalewa. Akwai saƙon ICMP, wato sanarwar matsala da na'urori kan aika wa juna, da ya kamata ya koma ya gaya wa mai aikawa ya rage girma, amma wurare da yawa suna toshe ICMP gaba ɗaya da sunan tsaro, sai mai aikawa ya yi ta turawa bai san ana zubarwa ba. Ka sa su buga ping -f -l 1472 192.168.1.10. Lambar 1472 idan aka ƙara mata 28 na kanu ita ce 1500. Idan ya ƙi, su riƙa ragewa har su sami wadda ta wuce.

Ɗan Kawo: 1472 ya ƙi, 1400 ma ya ƙi, 1372 ya wuce a wurin su biyun.

Hajiyar Malali: Ke nan bututunku 1400 yake ɗauka. Ka nemi wurin ƙayyade MSS, wato iyakar bayanin da fakitin TCP ɗaya zai ɗauka, a kan katangar, ka sa 1360 ga duk abin da ke bi ta VPN, wato 1400 a cire 40 na kanun IP da TCP. Katangar za ta riƙa gaya wa ɓangarorin biyu tun a gaisuwar farko cewa kada su wuce wannan girman. Kuma idan kai ne ka toshe ICMP a dokokinka, ka bar nau'i na 3 ya riƙa wucewa, domin a cikinsa saƙon rage girman yake.

Injiniyan Barnawa: Ƙari ɗaya, tun da muna garin da ake ɗauke wuta. Idan da satifiket katangar take tabbatar da kanta, ka duba agogonta bayan an ɗauke wuta an dawo. Wasu ƙananan na'urori ba su da batirin riƙe lokaci, sukan farka da kwanan wata na shekarun baya, sai satifiket ya zama kamar lokacinsa bai yi ba, VPN ya ƙi haɗuwa da safe alhali jiya lafiya aka rabu. Ka saita mata NTP, mai daidaita agogo ta intanet, ka kuma ɗora ta a kan inbata tare da sabar. Sannan ka tanadi hanya ta biyu mai bi ta TCP 443 saboda otal-otal da ke toshe UDP 500 da 4500. Takan yi ɗan nauyi, amma ta fi babu.

Ɗan Kawo: Na sa 1360, fayil ɗin ya sauko har ƙarshe a Zariya da Unguwar Rimi. Agogon katangar daidai yake, amma a soket ɗin bango take, gobe zan mayar da ita kan inbata. Na yi magana da manaja, ya amince a sauya lambobin ofis ranar Asabar mai zuwa bayan azahar. Na fara rubuta na'urorin da aka sa wa adireshi da hannu, na kai goma sha ɗaya, kuma uku daga cikinsu har yanzu 192.168.1.254 ce mashigarsu, ciki har da na'urar da ke naɗar hotunan kyamarori. Malam na Tudun Wada, manhajar lissafin da ka yi hasashe ma na duba, adireshin sabar yana rubuce a cikinta da lamba. Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya.

Malamin Tudun Wada: Amin. Kafin ka taɓa manhajar lissafin, ka kwafe bayananta a faifai dabam ranar Juma'a da yamma, ka kuma gwada buɗe kwafin a wata kwamfuta. Idan kana bukatar hannu ranar Asabar, zan turo maka ɗalibaina biyu su riƙa bin firintoci da kyamarori ɗaya bayan ɗaya.